Inshorar Lafiya A Kan Kuɗin Gwamnati: Wa Ya Cancanta A Karasuwa, Nguru Da Gashuwa?

GASHUWA: Tun ran 19 ga Mayu, 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA, ya zama wajibi a kan kowane mazaunin Nijeriya ya kasance yana cikin wani tsari na inshorar lafiya. Dokar ba ta bambanta ma'aikacin ofis a Abuja da manomin gero a Wachakal ko Bukarti ba. Amma da yake waɗanda suka tsara ta sun san akwai miliyoyin jama'a da ba su da halin biyan kuɗin shiga ko da an matsa musu, sai suka yi tanadin wani asusu na musamman wanda daga cikinsa ne gwamnati za ta riƙa biya wa marasa galihu.

Tambayar da take yawo a bakin 'yan kasuwa, daga Nguru zuwa Jajimaji har Gashuwa, ita ce: wane ne wannan marar galihu da za a biya wa? Yaron shago yana ciki? Ɗan dako fa? Matar direban da ke da juna biyu? Amsar tana da fuska biyu. Akwai abin da doka ta rubuta, akwai kuma abin da kuɗin da ke hannu za su iya ɗauka, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai. Mutum yana iya cika dukkan sharuɗɗa a takarda, amma ya rasa gurbi.

Inda kuɗin suke fitowa

Maganar inshorar lafiya ta daɗe a ƙasar nan. Tun a 1962 Ministan Lafiya na Jamhuriya ta Farko, Dokta Moses Majekodunmi, ya gabatar da ita gaban majalisa, ba ta kai labari ba. Sai a 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa dokar soja mai lamba 35 wadda ta haifar da hukumar NHIS, kuma ba a fara aiki da ita sosai ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Waɗanda suka ci moriyarta galibi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne da iyalansu. A yankin arewacin Yobe wannan yana nufin 'yan tsiraru: ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, sa'an nan daga baya ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013. Sauran jama'a kuwa, idan ciwo ya zo, sai a kama akuya ko a ɗebi buhun gero a kai kasuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fita.

Abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashe na 11 na dokar ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda aka fi sani da BHCPF, ya kuma wajabta wa Gwamnatin Tarayya ta riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta ba a kowace shekara. Dokar ta ce rabin kuɗin, kashi 50, za a bi da su ta hannun hukumar inshora domin a biya wa jama'a kuɗin jinya. Kashi 45 za a bi da su ta hukumar kula da lafiya a matakin farko domin magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da horar da ma'aikata. Kashi 5 kuma na agajin gaggawa ne. Daga baya, a ƙa'idojin 2020, an gutsuri kashi 1.25 daga kason inshora aka ba hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, kason ya koma 48.75.

An yi shekara huɗu dokar tana kwance. A kasafin kuɗin 2018 ne aka fara ware wa asusun kuɗi, Naira biliyan 55.1.

Gwamnatin Tarayya ba ta miƙa wa talaka kuɗin hannu da hannu. Sharaɗi ne kowace jiha ta kafa tata hukumar inshorar lafiya da doka, ta kuma ware nata kason domin marasa galihu, sa'an nan a riƙa turo mata nata rabon. Jihar Yobe ta kafa tata a 2019, shekarar da Gwamna Mai Mala Buni ya hau mulki, kuma ita ce hukumar YSCHMA mai hedkwata a Damaturu. Mai lura zai ga cewa jihohin Arewa da dama, kamar Kano da Katsina da Jigawa da Yobe, sun kauce wa kalmar inshora a sunayen hukumominsu, suka zaɓi ma'anar taimakekeniya. Ba a banza aka yi haka ba. Malamai da yawa suna da ja a kan inshorar kasuwanci saboda shubuhar riba da ta cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba, don haka aka gina tsarin a kan siffar gudummawa, inda jama'a suke zubi a asusu ɗaya, wanda rashin lafiya ta sama a ɗauki nauyinsa. Ɗan kasuwar da ya saba da adashi ba zai sha wuyar gane shi ba. Bambancin kawai, a nan ba a fatan kwasa ta zo kan mutum.

Rukunan da doka ta ambata

Dokar 2022 ta fayyace waɗanda take kira marasa galihu, kuma rukuni biyar ne: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da kuma matalauta waɗanda ba su da abin hannu. Huɗun farko ana gane su da ido ko da takardar asibiti. Katin awon ciki ya isa shaida ga mace, katin rigakafi ko takardar haihuwa ya isa ga yaro. Rukuni na biyar ne mai wuyar sha'ani, kuma shi ne ya fi kowanne yawan jama'a.

A ranar da ya sa hannu a dokar, Shugaba Buhari ya ambaci mutum miliyan 83 a matsayin waɗanda asusun marasa galihu zai ɗauki nauyinsu. Wannan adadi ya dace da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019, wanda ya nuna kashi 40.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya, kimanin mutum miliyan 82.9, suna rayuwa a ƙasa da Naira 137,430 a shekara, watau wajen Naira 376 a rana a kuɗin wancan lokaci. Jihar Barno ba ta cikin wannan lissafi saboda halin tsaro. A Jihar Yobe kuwa binciken ya sami kashi 72 da ɗoriya. Ke nan a cikin kowane mutum goma da ke jihar, bakwai sun faɗa cikin ma'aunin talauci na gwamnati, tun kafin a ƙara da masu ciki da ƙananan yara na gidajen da ke da ɗan rufin asiri.

To, a nan ne lissafi yake shigowa, kuma lissafi ne da kowane mai shago zai iya yi a bayan takardar rasit. A ƙa'idojin farko an ƙayyade kuɗin zubin mutum ɗaya a kan Naira 12,000 a shekara. Rabin Naira biliyan 55.1 shi ne wajen biliyan 27 da rabi. Idan aka raba wannan da 12,000, za a sami mutum miliyan 2 da dubu 300, ko kusa da haka. Miliyan 83 kuwa, a kan wannan farashi, suna bukatar Naira biliyan 996 a kowace shekara.

A sauko da lissafin ƙasa-ƙasa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karasuwa mutum kusan 107,000, kuma babu shakka yau sun zarce haka nesa ba kusa ba. Ko da a kan wannan tsohon adadi, idan aka ɗora masa ma'aunin talaucin jihar, ana maganar mutum 77,000, waɗanda zubinsu zai haura Naira miliyan 900 a shekara. Da kuwa za a raba waɗancan biliyan 27 da rabi daidai wa daida ga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, abin da zai zo wa Karasuwa bai wuce Naira miliyan 35 da rabi ba, kuɗin mutum 3,000 ke nan, ko mutum 300 a kowace ɗaya daga mazaɓunta 10. Ba haka ake rabon ba a aikace, misali ne kawai, amma ya isa ya nuna girman taron da ƙanƙantar tukunyar.

Gaskiya ne kason ya ƙaru. A kasafin 2024 an ware wa asusun sama da Naira biliyan 125. Sai dai tun bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar Naira a tsakiyar 2023, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, kuma hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Wannan ne ya sa a watan Afrilun 2025 hukumar NHIA ta ƙara kuɗin da take biyan asibitoci a kan kowane mai rajista da kashi 93 cikin 100, na manyan ayyuka kamar tiyata kuma da kashi 378. Ƙarin ya zama dole, in ba haka ba asibitoci za su riƙa juya masu kati. Amma duk lokacin da kuɗin kai ɗaya ya tashi, yawan kawunan da asusu zai ɗauka yana raguwa.

Yadda ake tantance talaka

A ƙasar Amurka, inda ake da irin wannan tallafi tun dokar 2010 ta zamanin Shugaba Barack Obama, abin da sauƙi a takarda. Kamar yadda aka tsara dokar tun farko, iyalin da samunsu na shekara ya kama daga daidai layin talauci zuwa ninki huɗu nasa sun cancanci gwamnati ta rage musu kuɗin inshora, kuma takardar harajin mutum ita ce shaidarsa. A Karasuwa babu wannan takarda. Samun manomi yana rumbu, na makiyayi yana tafiya da ƙafa huɗu, na masunci a dausayin Haɗeja da Nguru ya danganta da yadda ruwa ya zo a shekarar. Babu ofishin da zai iya buɗe fayil ya ce ga abin da wane ya samu bara.

Saboda haka aka koma ga Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO da aka kafa a 2016 yake tattarawa da tallafin Bankin Duniya, ta hannun ofisoshin da ke kowace jiha. Hanyar da ake bi ita ce a fara da ƙananan hukumomi da ƙauyukan da suka fi talauci. Jami'ai sukan tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, a tambayi kowane rukuni abin da suke kira talauci a garinsu, sa'an nan su lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa. Bayan an daidaita sunayen da rukunan suka bayar, sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna rubuta yawan iyali, da irin ginin gida da rufinsa, da inda ake ɗebo ruwa, da dabbobi da sauran kadarori. Da waɗannan bayanai ne ake jera gidajen daga wanda ya fi kowa rashi zuwa sama. Daga wannan rajista ake sa ran hukumar jiha za ta ɗebo sunayen da za ta cike gurabenta da su. Inda rajistar ba ta kai ba, akan nemi taimakon kwamitin ci gaban mazaɓa da bulamai da lawanai da limamai.

Hikimar tsarin a fili take: mutanen gari sun fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya. Rauninsa ma a fili yake. Akwai magidancin da zai gwammace ya kwana da yunwa da a ambaci sunansa a bainar jama'a cikin matalauta. Akwai makiyayin da ranar taron yana can wajen kiwo. Akwai kuma son kai irin na ɗan Adam, wanda ba a rasa shi duk inda ake rabon abin da bai isa ba. Daɗin daɗawa, rajista hoto ce ta rana ɗaya, alhali talauci yana tafiya. Ambaliyar daminar 2022 da ta shafi garuruwan bakin kogin Yobe ta mayar da gidaje masu rufin asiri abin tausayi a cikin 'yan kwanaki, kuma sunayensu ba sa cikin jerin da aka rubuta kafin ruwan. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta fito fili ta nuna rashin gamsuwa da sahihancin rajistar, abin da ya sa aka shiga aikin sake tantance ta da haɗa sunayen da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN.

Wannan lamba ta zama mabuɗi. Ana neman ta wajen rajistar inshora, kuma waɗanda suka fi rasa ta su ne ainihin waɗanda aka yi shirin dominsu: tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Jajimaji ɗaukar hoto ba, da yaran da aka haifa a gida ba a yi musu takarda ba. Mai gidan da yake son yaransa na shago ko iyayensu su shiga sahu, babu taimakon da zai fara yi musu da ya wuce ya ga sun mallaki wannan lamba.

Abin da katin yake saye

Wanda Allah ya ba sa'a sunansa ya fito, jami'an hukumar za su ɗauki hotonsa da bayanansa, a ba shi shaida, a kuma haɗa shi da cibiyar lafiya guda ɗaya, galibi ta mazaɓarsa. Ba a biyan ko kwabo domin wannan rajista. Jihar Yobe tana da mazaɓu 178 a ƙananan hukumomi 17, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiya ɗaya mai aiki. A kowane wata hukumar tana biyan cibiyar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke jerinta, ko ya zo ko bai zo ba. A farkon shirin Naira 570 ne. Da waɗannan kuɗi cibiyar take sayen magani da kayan aiki.

Ayyukan da katin ya ƙunsa su ne na yau da kullum, waɗanda kuma su ne suka fi cin rayuka a karkara: awon ciki da karɓar haihuwa da kula da mai jego, maganin zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, gwajin hawan jini da ciwon sukari, da makamantansu. Idan abin ya fi ƙarfin cibiyar, sai ta rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, hukumar ta ba da izini, ta kuma biya kuɗin aikin. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Wanda ya tsallake cibiyarsa ya ɗauki marar lafiya kai tsaye zuwa Gashuwa ko Nguru ba tare da wannan takarda ba, in ba gaggawa ce ta rai da mutuwa ba, yana iya tarar da cewa katin bai amfane shi da kome ba.

Akwai kuma iyaka, wadda ta fi ciwo a wannan yanki fiye da ko'ina. Shekara da shekaru ke nan ciwon ƙoda yana addabar Gashuwa da garuruwan da ke kewaye da ita, har masana a Jami'ar Jihar Yobe da abokan aikinsu na ƙasashen waje suka duƙufa binciken musabbabinsa. Wankin ƙoda na dogon lokaci ba ya cikin ayyukan asali da asusun yake biya, domin jinyar mutum ɗaya a wata guda tana iya cinye zubin mutane da dama na shekara. Abin da katin zai iya yi shi ne ya sa a gano hawan jini da ciwon sukari da wuri, waɗanda suke cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da jigilar marar lafiya zuwa Damaturu ko Kano take ci.

Ta ɓangaren mata an sami ƙari. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su, kuma a wannan shekarar hukumar NHIA ta fara ɗaukar nauyin aikin yoyon fitsari.

Matsayin ɗan kasuwa da yaransa

Dillalin riɗi ko ƙaro, da mai sayar da bandar kifi a Nguru, da mai injin casar shinkafa a Gashuwa, da mai motocin haya a kan hanyar da ta ratsa Jajimaji, duk ba sa cikin rukunin matalauta, kuma bai kamata su nemi shiga ba. Kowane gurbi da mai hali ya karɓa, an ƙwace shi ne daga wata bazawara mai marayu. Abin da doka ta tanadar musu shi ne su biya da kansu, ko dai ta shirin masu zaman kansu na hukumar jiha, ko ta shirin GIFSHIP na hukumar tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2020 a kan Naira 15,000 ga mutum ɗaya a shekara, aka kuma ƙara farashinsa daga baya. Shirin yana karɓar ƙungiyoyi, saboda haka ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ko ta masunta tana iya shigar da 'ya'yanta a dunƙule, ta riƙa tara kuɗin a lokacin kaka sa'ad da hannu yake da danshi.

Mai iyali da yawa ya kamata ya yi tambaya kafin ya biya. A tsarin ma'aikatan tarayya, zubin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa da matar aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru a kan haka sai an biya masa daban. An yi wannan awo ne da gidan ɗan boko a birni. Magidanci mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar, ga kuma iyaye tsofaffi a gida, lissafinsa daban ne, kuma gara ya san jimillar tun a ofis da ya gano ta a bakin gadon asibiti.

Sai batun ma'aikata. Sashe na 14 na dokar 2022 ya ambaci duk wani mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ko mai zaman kansa, wanda yake da mutum 5 ko fiye. Gidan burodi, da gidan mai, da makarantar kuɗi, da masana'antar ruwan leda, kusan duk sun faɗa ciki. An daɗe ba a matsa a kan wannan ba, amma a watan Satumban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa ma'aikatu da hukumomin tarayya su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya ta NHIA daga duk kamfanin da ke neman kwangila, ko lasisi, ko sabunta izini. Ɗan kwangilar da ke hangen aiki a jami'ar Gashuwa ko asibitin tarayya na Nguru ya kamata ya sa wannan takarda cikin jerin takardunsa, kusa da ta haraji da ta fansho. A shekarar 2025 hukumar ta bayyana cewa masu inshorar lafiya a ƙasar sun kai kimanin miliyan 20, burinta kuma shi ne miliyan 44 kafin 2030. A ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, kowa ya san inda za a nemo ragowar.

Yaron shago mai ɗan albashi yana tsaka mai wuya. Bai kai talaucin da mutanen gari za su ambaci sunansa a taro ba, bai kuma kai samun da zai cire zubin shekara a lokaci ɗaya ba. Matarsa tana iya shiga rukunin masu juna biyu, jaririnsa na 'yan ƙasa da shekara 5, idan akwai gurbi. Shi kansa kuwa babu rukunin da ya ɗauke shi. Bisa al'ada, idan ciwo ya kwantar da irin wannan yaro, maigidansa ne ake bugawa ƙofa da tsakar dare. Ke nan maigidan yana biyan inshora tun tuni, sai dai yana biyan ta ne ba shiri, a farashi mafi tsada, kuma a ranar da jari ya fi bukatar kuɗin. Hukumomin jihohi suna karɓar zubi daga mai hali a madadin wasu, ko yaransa ne ko marayun unguwa. Wanda yake tunanin yin haka da kuɗin zakka, sai ya fara jin ta bakin malamai, domin zakka tana da nata sharuɗɗan.

Masu kemis da masu ƙananan asibitocin kuɗi su ma abin ya shafe su ta wata fuskar. Duk mutumin da ya sami kati, cinikinsa ya tashi daga kanta ya koma cibiyar mazaɓa, ita kuma cibiyar tana sayen magani ne gwargwadon yadda kuɗi suka iso mata a kan lokaci. Darasin maƙwabta yana nan kusa. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ba ta da nisa da Machina da Yusufari, ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, ta ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006. Can ba a tambayar talauci. Shekarun yaro ko cikin mace sun wadatar. Jama'a suka yi tururuwa zuwa asibitoci, amma gwamnati ta kasa mayar wa asibitocin kuɗinsu a kan kari, bashi ya taru na biliyoyin sefa, kantocin magani na asibitoci da yawa suka bushe, iyaye suka koma sayen magani a waje da takardar likita a hannu. Ghana ta bi wata hanyar: tun a dokarta ta 2003 ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyuka musamman domin inshorar lafiya, duk da haka ita ma ta sha fama da jinkirin biyan asibitoci. Mai niyyar ba cibiyar lafiya magani bashi, ko ya nemi a sa asibitinsa cikin masu karɓar marasa lafiya na hukumar, ya kyautu ya binciki tsawon lokacin da biya yake ɗauka kafin ya saki kaya.

Ga mai neman a shigar da wani nasa cikin marasa galihu kuwa, wurin fara tambaya shi ne jami'in da ke kula da cibiyar lafiya ta mazaɓa, ko shugaban kwamitin ci gaban mazaɓar, domin ta wurinsu ake jin lokacin da jami'an hukumar za su zo ɗaukar sababbin sunaye. Ba kullum ake ɗauka ba. Sai an sami ƙarin kuɗi ko gurbi ya buɗe. A tafi da lambar NIN, da katin awo ga mai ciki, da katin rigakafi ko takardar haihuwa ga yaro. Wanda aka nemi ya ba da wani abu kafin a rubuta sunansa yana da damar kai ƙara ofishin hukumar a Damaturu, ko ofishin NHIA na jihar.